In yaro ya faɗi a filin ƙwallo a Ikko, nauyin wa ne?

Kocin Zango: Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi mini haƙuri, maganar tana da ɗan tsawo. Zangon karatu na biyu ya kankama, makarantu sun shiga shirin intahaus, wato gasar wasanni ta shekara tsakanin rukunonin ɗaliban makaranta, gasannin unguwa ma sun dawo. Yaran da nake horarwa a nan Agege kusan dukkansu ɗalibai ne, wasu a sakandaren gwamnati, wasu a irin ƙananan makarantun kuɗin nan da ko filin taro ba su da shi, sai ranar wasa su aro fili. Duk shekara iyaye na haɗa kuɗin riga da na mota, har da na rumfa da mai kiɗa. Ban taɓa ganin an haɗa ko ƙwandala da sunan magani ba. Abin da ke jakata bandeji ne da man zafi da fiya wata, shi ke nan. To ina tambaya: yaro ya karye a fili, ko ya yanke jiki ya faɗi, nauyin wa ne? Makaranta ta ce ba a harabarta abin ya faru ba, uba yana kasuwa wayarsa ba ta shiga, ni kuma aikin sa kai nake yi, ba mai biyana.

Alhajin Mile 12: Wa alaikumus salam Koci. Allah ya tsare mana su. Mu da muka tashi a gida langa da kokawa muka yi, an karye an ɗora, ga mu nan da ƙafafunmu. Masu ɗori ba su ƙare ba, akwai su a Agege, akwai su a wajenmu, kuma gado suka yi. Ka kai yaro asibiti yanzu, kafin a taɓa shi sai kati, sai hoto, sai a ce ajiye kaza. Ba ƙin asibiti ke kai mutane wurin mai ɗori ba. Shi ne ke karɓar abin da ke aljihunka, ya ce sauran in Allah ya hore.

Anti Nas: Baba Alhaji barka da yamma. Maganar kuɗi gaskiya ce, ba wanda zai musa. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a neman lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Amma Baba, waɗanda ɗori ya yi wa kyau su ne kake gani a kasuwa. Waɗanda bai yi wa kyau ba mu suke zo wa, kuma suna zuwa ne bayan aiki ya lalace. Sabuwar karaya kumbura take yi. In aka ɗaure ta tamau da karare, kumburin ya rasa inda zai je, sai ya toshe hanyar jini. Ba kwanaki ake magana ba, cikin sa'o'i nama ke fara mutuwa. Yaro na kuka ana ce masa ya yi jarumta, alhali hannun ne ke mutuwa. Ƙarshenta a asibitin ƙashi na Igbobi ake yankewa, sai labari ya bazu a unguwa wai asibiti yanke ƙafa suke yi, gobe wani ma ya ƙi zuwa da wuri.

Ko da an kai yaro wurin mai ɗori, don Allah a riƙa duba yatsunsa. In suka yi sanyi, ko suka canja launi, ko ya ce ba ya jin su, ko zafin sai ƙaruwa yake yi, a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti, kada a jira gari ya waye. In kuwa ƙashi ya huda fata, wannan ba na mai ɗori ba ne ko kusa.

Mai Gashin Ƙashi: Bari in ɗora a kan ta Anti. Ƙashin yaro ba irin na babba ba ne. Kusa da gaɓoɓi, wato wuyan hannu, gwiwa, idon sawu, akwai wani wuri mai laushi da ƙashin ke ƙara tsawo daga gare shi, ba ya rufewa sai yaro ya gama girma. In karaya ta bi ta wurin aka ɗora ta a karkace, yaro zai warke, har ya koma fili, amma bayan shekara biyu sai ka ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo ko hannu ya lanƙwashe. Ba mai gane wannan da lalube, sai da hoto. Ni abin da nake roƙon iyaye ke nan kullum: ko me za ka yi daga baya, a fara ɗaukar hoton.

Alhajin Mile 12: To na ji ta hoto. Amma wa zai biya? Ai tambayar Koci ke nan, kun bar ta kun koma kan mai ɗori.

Maman 'Yan Biyu: Wallahi Baba ya faɗi gaskiya. Ni a Idi-Araba nake, in na fito ƙofar gida katangar asibitin koyarwa na LUTH nake hange. Nisan asibiti ba shi ne matsalarmu ba. Bara Hassan ya faɗi a kan hannunsa wajen gudun intahaus, malamai suka kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke kusa da filin, aka ce ba za a fara komai ba sai an ajiye kuɗi. Babansu yana kan hanyar Kano da mota. Sai da na bi maƙwabta gida-gida, na ɗaga adashina, kafin a sa masa siminti. Makarantar kuwa da ta karɓi kuɗin intahaus a hannunmu, sannu kawai ta aiko da ita. Tun daga ranar babansu ya ce ba gudu ba ƙwallo, kuma yaron nan shi ne ya fi kowa gudu a ajinsu.

Lauyan Zaure: Hajiya Allah ya ƙara sauƙi. Abin da aka yi miki ya saɓa wa doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta ce babu ma'aikacin lafiya ko asibitin da zai ƙi ba mutum kulawar gaggawa a kan kowane irin dalili. Hukuncin tarar naira 100,000 ne, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Dokar ba ta ware asibitin kuɗi ba. Ita ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, aka ware kashi 5 cikin 100 na asusun don gaggawa kaɗai.

Ɗan Ajegunle: Barista, ka taɓa tsayawa gaban kanta da yaro yana zubar da jini kana karanto musu sashe na 20? 😅

Lauyan Zaure: Ƙanena na fahimce ka. Ban ce takarda za ta tsayar da jini ba. Kuma dokar ba ta ce kyauta ba ne, cewa ta yi a fara ceto, maganar kuɗi ta biyo baya. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya zo yana roƙo da wanda ya san haƙƙinsa ya nemi a kira masa shugaban wurin cikin ladabi. Mutanenmu da yawa, da zarar an yi musu magana da Turanci ko Yarbanci da ɗan ɗaga murya, sai su juya. Game da makaranta kuma, in ita ta shirya wasa ta fitar da yara, amanar yaran na wuyanta ko a ina filin yake. Cewa ba a harabarta ba ne, wannan zamewa ce kawai.

Malamin Wasanni: Ni ina cikin tsarin, a makarantar gwamnati nake koyarwa ta wajen Ajeromi, bari in faɗi yadda abin yake. Tun 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da tsarin kula da lafiya a makarantu, ya yi maganar duba lafiyar ɗalibi da tanadin kulawar farko. A takarda ba abin da ya rage. Amma malami ɗaya ne a kan ɗaruruwan yara, ranar intahaus kuma hankalin kowa na kan babban baƙo da fareti. Za a yi makonni ana koya wa yara maci, ba a ware awa ɗaya an koya wa malamai abin da za su yi in yaro ya faɗi ba.

Kuma karaya ba ita ke hana ni barci ba. Karaya tana ba ka lokaci. Abin da nake tsoro shi ne yaron da ba wanda ya taɓa shi, yana cikin gudu kawai ya kife. Manya a nan za su tuna Samuel Okwaraji, ranar 12 ga Agusta 1989, a babban filin wasa na Surulere, muna buga wa Angola a wasan neman zuwa kofin duniya. Yana da shekara 25, ya faɗi, bai tashi ba, zuciya ce. A gaban dubban mutane, a babban filin wasa na ƙasa. Sai kuma Chineme Martins na Nasarawa United, ranar 8 ga Maris 2020 a Lafiya, suna wasa da Katsina United. Rahotanni suka ce motar asibitin da ke filin ƙin tashi ta yi. Wannan fa gasar ƙwararru ce. To ina ga filin turɓaya a bayan makaranta a Tolu ko Orile?

Alhajin Mile 12: Na Okwaraji ina Ikko aka yi, a rediyo muka ji a Obalende. Garin nan ya yi tsit ranar. Amma Malam wannan ai kwana ne ya ƙare.

Malamin Islamiyya: Alhaji, ajali gaskiya ne, ba mai ƙara wa wani daƙiƙa. Sai dai ba mu san ranar ba, shi ya sa aka umarce mu da riƙo da sababi. Wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Akwai kuma wani abu da nake so Anti ta yi mana bayani. Sau da yawa in yaro ya faɗi yana fizge-fizge, mu ake fara kira, wai iska ce ta buge shi.

Anti Nas: Na gode Malam da ka taɓo wannan, don nan ne ake asarar rai. Wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi 'yar fizga kamar mai farfaɗiya, yakan kuma ja wani irin numfashi sama-sama jefi-jefi kamar minshari. Mutane sai su ce ai yana numfashi. Ba numfashi ba ne. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce: ɗan wasa ya faɗi ba tare da an buge shi ba, an kira shi an girgiza shi bai amsa ba, ba ya numfashi yadda aka saba, to a ɗauka zuciya ce har sai an tabbatar ba ita ba ce.

A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Mutum ɗaya ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, ya riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin kamar santimita 5. Wani ya kira 112 ko 767, kyauta ne a Legas. In mai dannawa ya gaji wani ya karɓa, ba tsayawa. Ba cusa cokali a baki, ba ɗura ruwa ko madara, ba albasa a hanci, ba ɗaga shi a kafaɗa a yi ta gudu da shi ana neman keke. Duk mintin da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira raguwa take yi sosai, shi ya sa wanda ke tsaye a bakin fili ya fi likitan da ke babban asibitin LASUTH amfani a wannan lokacin.

Kun ga Christian Eriksen na Denmak a 2021, duniya na kallo zuciyarsa ta tsaya a fili. Danna ƙirji da na'urar farfaɗo da zuciya ne Allah ya sa suka zama sanadi, ya dawo har ya buga kofin duniya. Na'urar tana da tsada, ban ce za mu same ta gobe ba. Hannu kuwa kowa na da shi. Malam, addu'a ba ta hana danna ƙirji, wani na dannawa wani na karantawa.

Malamin Islamiyya: Madalla. Wannan zan faɗe shi a makaranta, kuma zan roƙi liman ya taɓo shi ranar Juma'a.

Kocin Zango: Anti, ruwa fa? Mu dai abin da muka sani in yaro ya suma a kwara masa ruwa.

Anti Nas: Ruwa na da wurinsa Koci. In yaro yana numfashi, jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko tangaɗi bayan gudu a rana, wannan zafi ne ya buge shi, kuma shi ma yana kisa. A nan ruwa ne maganin farko: a kai shi inuwa, a cire riga, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a fara sanyaya shi tun kafin a kama hanya. Zafin Ikko na Fabrairu da Maris mugu ne saboda gumi ba ya bushewa, jiki ba ya samun hucewa, kuma daidai lokacin ake intahaus da tsakar rana.

Malamin Islamiyya: Ga shi kuma 'yan shekarun nan azumi na faɗowa a daidai wannan tsakanin. Yaron da bai balaga ba azumi bai wajaba a kansa ba, kada a haɗa masa azumi da gudun mita 1,500. Wanda ya balaga, in ƙishirwa ta kai shi ga tsoron halaka, ya sha ya rama daga baya, addini bai ce ya kashe kansa ba. Amma abin da ya fi, iyaye Musulmi su je wurin shugaban makaranta tun kafin a sa rana. Yarabawa Musulmi ma na da 'ya'ya a makarantun nan, ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Mu ne dai ba ma zuwa taron iyaye da malamai.

Mai Gashin Ƙashi: Wannan ta ƙarshen ta Malam ita ce cutar. Ni a ganina, kafin a kai ga faɗuwa, a duba yaran tun farkon kakar wasa. Ba sai an yi abu mai tsada ba. Tambayoyi ne: ka taɓa suma kana gudu? Ƙirjinka na ciwo ko numfashinka na sarƙewa fiye da na abokanka? A danginku akwai wanda ya mutu farat ɗaya yana matashi? Kana da asma? Sai a auna hawan jini, a saurari zuciya, a duba jinotayif, wato gwajin jini na gano sikila. Wanda aka ga alama a jikinsa shi za a tura gwajin bugun zuciya na ECG. Ana iya yin wannan a cibiyar lafiya ta unguwa, ba sai an je babban asibiti ba.

Abin da ke ba ni haushi, tun 2009, shekarar da aka yi kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a nan Najeriya, ake sa yara a na'urar ɗaukar hoto ta MRI a duba wuyan hannunsu don gano shekaru. Kuɗin kama mai ƙaryar shekaru ana samunsa. Na sauraron zuciyar yaron ne ba a samu.

Ɗan Ajegunle: Yaya, ku yi haƙuri, amma ba ku san yaran nan ba. Ni na buga a filin Maracana na Ajegunle, na san abin da ke kansu. Duk yaron da ke Ajegunle ya san Ighalo a nan ya tashi. Duk wanda ke talla a gosulo ya san Osimhen ya sayar da fiya wata a titi, daga Olusosun ya fito. Ƙwallo ba wasa ba ce a wurinsu, ita ce ƙofar fita. Ka tambaye shi ko ƙirjinsa na ciwo, wallahi ko yana mutuwa zai ce lafiya lau, don ya san in ya faɗa benci zai zauna, ranar da mai neman 'yan wasa zai zo kuma ba ya fili. Shi ya sa kafin wasa za ka ga an bi ta kemis. Wasu diclofenac, wasu abin ya kai su ga tramadol, wai don kada su ji ciwo. Da zazzaɓi a jikinsu suke shiga. In kuka kawo gwaji ba ku yi dabara ba, masu matsalar su ne za su gudu ranar.

Anti Nas: Ƙanena wannan magana taka ta fi duk abin da muka faɗa nauyi. Maganin ciwo irin su diclofenac a kan cikin da ba abinci, ga jiki ba ruwa, ƙoda da tumbi yake ci. Tramadol kuwa, bayan jarabar da yake sawa, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024, wato mai mafarkin Turai yana rufe wa kansa ƙofa ne. Wasa da zazzaɓi kuma haɗari ne ga zuciya kanta.

A ba su labarin Nwankwo Kanu. Bayan zinaren Olamfik na Atlanta a 1996, gwajin lafiya a Inter Milan ne ya gano matsala a zuciyarsa, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya yi shekaru yana bugawa, har ya ci kofuna a Arsenal, ya kafa gidauniyar taimakon masu ciwon zuciya a 2000. Da ɓoyewa ya yi fa?

Maman 'Yan Biyu: Anti maganar jinotayif ɗin nan. Husaini AS ne. Ke nan shi ma ba zai yi wasa ba?

Anti Nas: Zai yi mana Hajiya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, da hana su ake yi da rabin ƙungiyoyi sun watse. AS ba sikila ba ce. Sai dai a sani, don in aka matsa masa da gudu mai tsanani ba hutu, a cikin zafi, ba ruwa, ko yana fama da maleriya, yana iya faɗuwa. A Amurka tun 2010 manyan jami'o'i ke neman sanin wannan kafin ɗalibi ya fara atisaye, ba don a kore shi ba, don koci ya san wanda zai ce wa huta. Mai SS shi ne sai da shawarar likitansa. Ke da ke Idi-Araba ma, cibiyar sikila ta ƙasa na nan daura da LUTH.

Yayar Mushin: Tun ɗazu ina karantawa, duk maganar maza ake yi. 'Yan matanmu ma suna gudu a makaranta, wasu na ƙwallo, FC Robo da ta fito da Asisat Oshoala ai a nan Mushin take. Yarinya ba za ta gaya wa koci namiji tana al'ada jiri na ɗibarta ba, ba kuma za ta yarda namiji ya duba mata gwiwa a bainar jama'a ba. Da yawansu jininsu ya yi ƙasa ba su sani ba. In ta ji ciwo sau ɗaya, a gida cewa za a yi dama wa ya aike ki, shi ke nan an rufe babin. In za a yi duba, a sa mace a ciki, a kuma ware musu ɗaki.

Lauyan Zaure: Mu koma kan kuɗi, don Alhaji bai samu amsa ba har yanzu. Mutum nawa a zauren nan ke da katin Ilera Eko? Inshorar lafiya ce ta jihar Legas, hukumar LASHMA ke gudanar da ita. An yi dokarta a 2015, aka ƙaddamar a ƙarshen 2018, a 2024 kuma gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu a umarnin da ya wajabta ta. Ta mazauna Legas ce, ba ta 'yan asalin jiha kaɗai ba. Wanda aka haifa a Agege, ubansa ma a Agege aka haife shi, yana biyan haraji a kasuwa kullum, amma ka ce ya je ya yi rajista sai ya ce ai nasu ne. Mu muke cire kanmu da kanmu. Dokar ta kuma tanadi asusu don marasa ƙarfi, in ba mu kai sunayen marayunmu ba wa zai kai?

Alhajin Mile 12: Barista na taɓa tambaya. Tsarin iyalin nasu miji ne da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Ni mai mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya in yi yaya? Sannan yaran da ke ɗaukar kaya a kasuwa da safe su tafi makaranta da rana, iyayensu na Arewa, wurin kawu suke ko wurin maigida. Wa zai yi musu? Ko a asibiti aka ce a sa hannu za a yi aiki, wa zai sa?

Lauyan Zaure: Akwai na mutum ɗaya Alhaji, ana iya yi wa yaron da ke wasa shi kaɗai. Abu biyu dai a kiyaye: ba ranar da ka biya katin ke fara aiki ba, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba kowace tiyata ƙaramin tsari ke ɗauka ba, a tambaya a ji iyakarsa kafin a biya. Na yaran da ke hannun riƙo kuwa, koci ya karɓi takarda tun farkon kaka, mai ɗauke da sunan wanda ke riƙe da yaron, lambar waya biyu, da izinin a kai shi asibiti in ta taso. Yaron da ba shi da wannan takarda kada ya shiga fili. Kariya ce ga Koci ma, don ranar da abu ya ɓaci shi za a fara kamawa.

Kocin Zango: Wannan ta takarda zan fara ta tun makon nan. Amma inshora ba za ta ba ni kuɗin keke da na kati da ƙarfe biyar na yamma ba. Ga gosulo, ga lungunan da motar asibiti ba ta iya shiga, okada kuma an hana ta a Ikeja tun Yunin 2022, a Mushin tun Satumba. Ni shawarata, kowane yaro ya riƙa kawo naira 200 a mako, a ajiye a hannun mutum biyu amintattu, ba a hannuna ba. Kada a taɓa shi don riga ko ƙwallo. Kuma kowane fili a san mai keke ko mai mota ɗaya da za a kira, a san asibitin da za a nufa tun kafin a busa usur.

Ɗan Ajegunle: Koci 200 ɗin nan wani yaron ita ce abincin ranarsa. In ka wajabta, talakan cikinsu ne zai daina zuwa, shi ne kuma wanda aka fara maganar dominsa. A bi manya. Masu shanu a abbatuwa, masu tumatir da albasa a Mile 12, 'yan canji. Ana tara wa gasar Sallah kuɗin kofi da rago, a cire wani abu daga nan mana.

Alhajin Mile 12: Yaro ka iya tsokana. To na ji. Akwatin magani na fili biyu a wuyana, Anti ta rubuto abin da za a saya, ban da ƙwayoyin nan da kuka ce suna cin ƙoda. Zan kuma yi wa shugabannin kasuwa magana, amma ba zan je da baki kawai ba, ku rubuto a takarda da sunayen masu riƙe kuɗin. Maganar mai ɗori kuwa ban janye duka ba. A yi hoton, in likita ya ce tsagewa ce ƙarama ni dai na san inda zan kai nawa.

Mai Gashin Ƙashi: Baba in an yi hoton ai mun rage rabin faɗan. Sauran ma yi shi a gaban hoton. Wani abu da ba a taɓo ba: yaron da aka yi karo da shi a ka, ya tashi yana layi ko ya rasa inda yake, kada ya koma wasa a ranar ko ya rantse ya warke. In ya fara amai, ko barci na fizgarsa, ko ciwon kan na ƙaruwa, asibiti a daren. Sannan filayenmu cike suke da ƙusa da fasasshen kwalba, yara da yawa ba takalmi, a duba maganar allurar tetanus.

Shugaban Zaure: Jama'a an gode, Allah ya saka. Anti ta ce za ta nemo masu koyar da taimakon farko, Red Cross na yin irin wannan horon, za a tambayi sharuɗɗansu. Koci da Malamin Wasanni su haɗo sunayen masu horar da yara a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Ajegunle. Za mu zauna ranar Lahadi bayan la'asar, zan turo wurin ta akwatin kowa. Maganar 200 ko bin manya a bar ta sai an haɗu, don na ga ba a daidaita ba.

Yayar Mushin: A sa sunana cikin masu koyon danna ƙirjin, zan zo da mata biyu.

Ɗan Ajegunle: Tambaya ɗaya kafin Lahadi. In an duba yaro aka ga wani abu, wa za a gaya wa, uban ko kocin? Don in sakamakon zai zagaya unguwa, ni ba zan iya kawo yaranmu ba.

Anti Nas: Yaron da wanda ke riƙe da shi, a keɓe. Koci abin da zai ji kawai shi ne ya buga, ko ya dakata sai an ƙara dubawa. Barista ka rubuta mana wannan a cikin takardar izinin, da Hausa da Turanci, ka turo kafin Juma'a in duba.